Marowaciyar Malam

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ban iya riƙe alƙalami ba. Ina faɗa ne, matar jikana tana rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini baki. Zancen mijina ne, wanda Allah ya karɓi abinsa a nan Alƙahira, farkon sanyi, kwana goma sha ɗaya da saukarmu neman maganin ƙoda. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, yadda bai taɓa fitowa ba tun ranar da aka kai ni ɗakinsa. Malam nake ce masa, Malam zan ci gaba da cewa.

Ranar da aka dawo daga maƙabarta, gidan jikanmu da ke hawa na biyar a Madinatu Nasr ya cika har matakala. Takalma tun daga bakin ƙofa har hawa na huɗu. Ɗaliban gida ne yawanci, na Kano, na Sakkwato, na Damagaram, waɗanda suka ji an ce wani dattijo ya rasu a baƙunci, suka ajiye karatu suka zo suka ɗauke shi. Ba su san shi ba. Wasu sau ɗaya suka gan shi, shi ma a kwance. Amma sun yi masa abin da 'ya'yan cikinsa za su yi, Allah ya saka musu. Suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, su durƙusa daga bakin labule, su yi mini ta'aziyya da Larabci mai tsawo, can su tuna ba na ji, sai su sauko: "Kaka, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?"

Wani ya ce mutuwar baƙunci tana da falala. Wani ya ce shi ya zuba ruwa wajen wanka, bai taɓa ganin jiki mai laushi haka ba. Wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, wanda ya raka mu asibiti ranar farko, ya ce shi abin da ya gani kyauta ce. An kawo wa Malam lemo a gadon asibiti, kafin a juya ya rabar wa na gadajen kusa, bai san yarensu ba, hannu kawai yake miƙawa. Sai ɗakin ya ɗauka, mai kyauta ne, mai kyauta ne.

Maƙwabciyarmu ta hawan sama, wadda kowa ke kira Hajja, Bamisriya ce mai jiki, ta sauko cikin baƙaƙen kaya ta rungume ni, ta yi ta kuka kamar ita aka yi wa mutuwar. Ma'alish, ma'alish, take ta faɗa a kunnena. Ita ce kalmar farko da na koya a ƙasar nan, wato a yi haƙuri.

Babban ɗanmu ya bugo daga gida. Muka yi wa juna ta'aziyya. Can ya ce, "Inna, ya yafe mini kuwa?" Na ce tun tuni. Na san abin da yake nufi, zan kuma zo kansa.

Ina zaune ina jin ana ta mai kyauta ne, ban musa ba, don gaskiya ce. Amma a raina na ce, bayin Allah, mutumin nan da kuke yabo, rabin rayuwarsa rowa ya yi ta nema. Ya neme ta, ya same ta, ya rene ta, ya ɗauro ta a ƙasan jakarsa har Masar. Ni kuma a wannan yinin, da hannuna, na ɓatar masa da ita. Shi ya sa nake so a rubuta, don ko ita ta tafi, a san an taɓa yin ta, a kuma san wanda ya yi.

To, Malam manomin alkama ne. A wajenmu, ƙasar Kadawa, in damina ta ɗauke aka kwashe shinkafa, sanyi ya fara leƙowa, sai a sako ruwa, a ja fangali, a shuka alkama. Ita alkama sanyi take so. Abokiyar gabarta kuwa darɓa. Don wanda bai san ta ba, wasu ƙwari ne ƙanana, kore-kore, ba su fi kwarkwata ba. A bayan ganye suke taruwa su yi ta tsotso. Ganyen ya nannaɗe, ya yi rawaya, ya riƙa danƙo kamar an shafa masa zuma, daga baya ya yi baƙi. Zangarniya ta fito, ka murza, ba komai sai ƙaiƙayi.

Wata shekara, ina goyon autarmu, darɓa ta sauka irin saukar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Malam ya dawo da la'asar, wandonsa na manne da ƙwaurinsa don danƙo. Na shirya zan ga mutum a karye. Sai na ga yana murmushi.

Ya ce, "'Yar mutan Garko, yau na ga marowata."

Na ce, "Cikin wannan masifar har ka samu sukunin zagin mutane?"

Ya ce, "Ba mutane ba, alkama. Gona guda an yi wa baƙi shimfiɗa, kowa ya ba su sun sha sun ƙoshi. Amma akwai wasu 'yan kara, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sun hana. Baƙin sun hau, sun ɗanɗana, sun sauka."

Da kaba ya ɗaure su, kara-kara. Da girbi ya zo ya yanke su daban, ya murje a tafin hannu. Abin bai cika kofin shayi ba. A shekarar da muka ci tuwon rance, wannan kofin ya fi komai faranta masa rai, ni kuwa sai da na yi mako ba na ɗaga ido in dube shi.

Tun daga nan, kowace shekara yana ware fangali ɗaya a kusurwar gabas. Layi ɗaya ya shuka 'ya'yan waɗannan karan, ya sa musu suna Marowaciya. Layi na kusa ya shuka uwarsu, alkamar kowa da kowa, ya ce ita ce Mai-kyauta. Haka, haka, har fangalin ya cika. Feshi ba ya zuwa wurin. In darɓa ta yi jinkiri, shi yake tafiya nemanta. Ya bi gonakin mutane yana roƙon ganye mai ciwo, ya kawo cikin hularsa, ya jera tsakanin layuka, ya tsuguna. Ana nan, ana nan, sai baƙin su bazu. Duk karan da ya karɓe su a layin Marowaciya, ya tumɓuke shi ya jefar. Wanda ya hana, ya ɗaure. Baɗi kuma haka. Baɗin baɗaɗa kuma haka. Autar da nake goyo ta yi aure ta haihu, yana tsugune a kusurwar nan.

Na taɓa tambayarsa don me yake ɓata wuri da Mai-kyauta, tunda ya san cinye ta za a yi. Ya ce in ba ta kusa, ta yaya zai san an zo an roƙa an hana? Wataƙila baƙin ne ba su biyo ta nan ba.

Ido ba ya raba su. Ƙwaya iri ɗaya, launi ɗaya, ganye ɗaya. Na tauna wannan, na tauna waccan, ban ji bambanci ba. Na ce to kai ta yaya kake ganewa? Ya ce, "Ni ma ban sani ba. Darɓa ce ta sani. Ni tambayarta nake yi."

Mutane sun yi da shi. A bakin masallaci, in ya iso, sai wani ya ce, "Malam, ya garke? Sun kwana lafiya?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, suna gaishe da gonarka, sun ce gobe suna tafe." Maƙwabcin gonarsa bai ɗauki abin wasa ba, har wurin mai unguwa ya kai ƙara, wai ana kiwon ƙwari a gefensa. Malam ya je ya zauna ya saurara, ya ba da haƙuri, ya matsar da fangalin zuwa can bakin hanya. Bayan shekara biyu maganin feshi ya yi wuya, gonar maƙwabcin nan ta tashi baƙa ƙirin, ko irin shuka bai fitar ba. Da lokacin shuka ya zo, Malam ya auna mudu biyu na Marowaciya, ya kai masa har zaure da kansa. Ya ce, "Ga ta, amma ka sani ba ta da kirki, ko ruwa ba ta ba baƙo." Abu ɗaya ya roƙe shi, ya riƙa ware iri. Wasu ma ya ba su, duk da wannan roƙon.

Ba ya wuce ganye bai juya shi ba. Ko na wane ne, ko a ina ne. Mu je gaisuwar surukai, ana jiransa a zaure, shi yana tsakar gida ya kifa ganyen yakuwar mutane yana duba bayansa. Har nan Alƙahira, ranar da aka kai shi asibiti, mutum biyu na riƙe da shi, ya ce su dakata. Akwai wata shuka a bakin ƙofa. Ya sunkuya, ya juya ganye ɗaya, ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Suna nan ma."

Faɗansa da babban ɗanmu a kan fangalin nan ne. Malam ya yi zazzaɓi kwana huɗu bai fita ba. Yaron ya goya famfon feshi ya bi gona, ya iso kusurwa, ya ga yadda darɓa ta lulluɓe wurin, tausayi ya kama shi, ya fesa. Ya dawo yana murna zai ba uban labari. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na yi shekara ina jiran mai shaida, ya zo ya zauna zai buɗe baki, ka toshe masa." Sai ya juya fuska bango. Wata guda yana amsa gaisuwar yaron da kai kawai. Ni na yi ta shiga tsakani, in ce alheri ya yi nufi. Ya ce ya sani, shi ya sa ma abin ya fi ciwo, ba wanda zai zaga. Ranar da suka shirya ba a yi wata magana ba. Ya tura masa kwanon tuwonsa ya ce, "Sa hannu." Amma ɗan nan, yanzu da furfura a gemunsa, bai bar tambaya ba.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da Malam, shekara biyu ba a ja fangalin kusurwa ba. 'Ya'ya suna da nasu iri na zamani da nasu feshi, ban ga laifinsu ba, iyali suke ciyarwa. Damina ta biyu rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, ba a lura ba, buhun irin ya tsiro a ciki ya ruɓe. Abin da ya tsira shi ne wanda ke ƙarƙashin gadonsa, cikin 'yan jakunkuna biyu da na ɗinka masa da ƙyallen tsohuwar riga, shuɗiya ta Marowaciya, fara ta Mai-kyauta. Kowacce tafi biyu, ko uku.

Su ya sa a ƙasan jaka da za mu taho. Jikanmu na nan, sunan kakan aka sa masa, don haka Mai-sunan-Malam nake kiransa. Karatun noma yake yi, ɓangaren ƙwari ma kuwa. Daren farko ko hutawa Malam bai yi ba, ya ce a miƙo jaka.

Ya ce, "Ka sa Marowaciya a madubin nan naku na ganin ƙananan abubuwa, ka gaya mini abin da take zuba wa darɓa a ruwanta."

Jikan ya ce, "Tsoho, ka ratsa ƙasa nawa da wannan ba takarda? Makaranta ba ta karɓar iri daga waje haka nan. Sai an nema, an jira."

Malam ya ce, "A nema. Ni na saba jira. Kai ne dai na ga ko gemu ka kasa jira ya fito, ka je ka yi aure."

Jikan ya ce, "Na gaji da jiran ka sakar mini amaryata ne," yana nuna ni. Aka yi dariya. Ita ce dariyar ƙarshe da na ji Malam ya yi da ƙarfi.

Ranar da zai rasu, da sassafe ya sa aka bugo mini daga asibiti. Muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce ɗakin da aka sauke mu yana da laima, ya ji a ƙashinsa, in fitar da irin nan ya sha rana. Ya ce, "Daban-daban." Na ce na ji. Faranti biyu matar jikana take da su manya. Na zuba kowacce a nata, na kai balakona, wato ɗan barandar nan da ke rataye a jikin bene, na rufe su da gyale saboda tsuntsu. Kafin azahar aka bugo aka ce ya cika.

Washegari da gida ya cika, wani ya kawo kwalin dabino. Na ji matar jikana tana buɗe-buɗe a madafa, tana neman abin da za ta zuba. A gida da ba wanda zai bari in motsa, mata sun fi ashirin a kaina. A nan mu biyu ne. Baƙi kuma suna zaune, sun bar karatunsu, sun ɗauki mijina a kafaɗa, ba abin da aka sa a gabansu. Na tashi na fita balakona. Jakunkunan suna ɗakin da maza suke. Na ɗaga gyale, na ɗauki faranti ɗaya na juye a kan ɗaya, yadda na juye hatsi a kan hatsi sau dubu a rayuwata. Ƙarar zubar ce ta farkar da ni. Kafin ƙwayar ƙarshe ta faɗi na tuna, amma hannun ya riga ya gama. Na sa yatsa in raba na sama da na ƙasa, sai na ƙara cakuɗa su. Na tsaya. Sannan na goge farantin da bakin zanena, na kai aka zuba dabino.

Sai bayan sadakar bakwai na iya gaya wa Mai-sunan-Malam. Ya sa hannu cikin irin, ya ɗebo, ya bari ya zube ta tsakanin yatsunsa. Ya daɗe yana haka.

Na ce, "Madubinku ba zai raba ba?"

Ya ce, "A'a, Inna. Ba ta haka ba."

Na ce, "To ka yi mini faɗa mana."

Ya ce, "Wa zai yi wa amarya faɗa tana cikin takaba." Sai ya tashi ya shiga wanka.

Na sa aka buga wa maƙwabcin gona na gida, wanda aka kai wa mudu biyu. Ya yi ta'aziyya, ya yi kuka na gaske. Da na tambayi irin, ya ce, "Wayyo Hajiya, ai an daɗe da cinye wannan. Shekarar sunan jikata aka yi alkaki da ita." Sauran da aka ba, wani ya rasu, wani ya koma tumatir, wani ma bai tuna ba.

Malaman cikin ɗaliban suka ce in yi takabata inda mutuwar ta same ni, wata huɗu da kwana goma. Jikan ya ƙirga da yatsu, ya ce kwanakin alkama ke nan, saura kaɗan. Ya ce hanya ɗaya ce ta rage, ta Tsoho: a shuka, a kira darɓa, a tambaye ta. Na ce a rage rabi don baɗi. Ya ce irin ya tsufa, ya sha zafi shekara biyu, in ya ƙara shekara ba lallai ko ɗaya ya fito ba. Sai muka shuka duka. Fararen akwatuna huɗu ya samo wurin masu kifi, ya huda gindinsu, ya cika da ƙasa, muka jera a balakona. Ko rabin abin da muka binne bai fito ba. Wanda ya fito, ya fito siriri, sannan ya yi ƙarfi, ya yi kore.

Daga nan sai jira. Ni da ban taɓa taka gonar Malam ba sai ranar kai abinci, na zama mai juya ganye. In na idar da sallar asuba, gari ya yi haske, sai in fita da bargo a kafaɗa, motoci na ta ihu a ƙasa, in bi su ɗaya-ɗaya. Ba komai. Kwana ya bi kwana, ba komai. Wace darɓa ce za ta hau bene hawa biyar a tsakiyar birni?

Abin da na tsine wa shekara hamsin, shi nake so ya zo. Na ji kunyar roƙa a sujada. Da wani ɗalibi ya zo gaishe ni, na tambaye shi ko ya halatta mutum ya roƙi Allah ya aiko masa da ƙwari. Ya sunkuyar da kai, yana danne dariya, sai da ya gyara murya sannan ya ce shi dai bai ga wannan babin ba tukuna, amma Allah ya san niyya. Ya ce kuma a nan ƙasar mannu suke ce wa darɓa, sunan abincin da aka saukar wa mutanen Annabi Musa daga sama. Na ce ashe. Na juya zan gaya wa Malam, don irin zancen da yake so ke nan, sai na ga bango.

Da sanyi ya fara sassauci, jikan ya tafi wajen gari, gonakin da ke bayan Giza, ya roƙo ganye mai ciwo a ambulan. Na farko suka mutu a hanya, cikin matsin ƙaramar bas. Ya koma. Na biyu ya kawo a kwalin ashana, a aljihun ƙirji. Muka jera tsakanin karan. Kwana uku, na juya ganye, na ga 'yan kore-koren nan sun jeru, sun kafa baki. Ban san lokacin da na ce musu sannunku da zuwa ba.

Suka bazu. Ganye ya fara danƙo, tururuwa ta hau. Ana nan, wata safiya ina alwala, matar jikana ta buɗe wa Hajja ƙofa. Ashe ta leƙo daga balakonarta ta sama, ta ga halin da shukar tsohuwa mai takaba take ciki, abin ya dame ta. Ta sauko da gorar feshin da take yi wa furanninta. Kafin in fito ta gama da akwatin farko, ta nufi na biyu. Na shiga tsakani, na ware hannuwa, ruwan alwala na ɗiga daga gwiwar hannuna. Larabcina duka na zazzage mata: "La. La. Halas," wato a'a, a'a, ya isa. Ita kuma tana nuna ganyen tana cewa mann, mann, tana kama hancinta, tana nuna mini da hannu yadda za su kashe shukar. Matar jikana ta yi ta yi mata bayani, wai so muke su ci. Hajja ta dube ni, ta dubi yarinyar, idonta ya ciko. Ta shafa kaina, ta ce ma'alish, ta fita a hankali. Da yamma ta aiko mini da miya mai zafi da wani ganyen shayi, wai yana kwantar da hankali. Har yau in mun haɗu, da irin muryar da ake yi wa mara lafiya take yi mini magana. Ban iya fushi da ita ba. Sai a lokacin na san irin watan da Malam ya yi da fuska a bango.

Akwatin da ta fesa yana nan, ya fi kowanne kyau, kore shar, zangarniya tsaye. Shi ne wanda bai gaya mana komai ba. In Marowaciya a cikinsa ta fi yawa, to tana nan tsaye cikin 'yan'uwanta, ba mai nuna ta.

Sauran ukun suka yi rawaya, suka yi baƙi, ina kallo. Ban san abin yana da wuya haka ba, ka zauna da ruwa a hannu da magani a hawan sama, ka bar abu yana mutuwa a gabanka. Da aka kwana biyu, cikin duk wannan baƙin, kara uku suka rage da tsabta. Uku. Darɓa ta hau su, na gani da idona, ba ta zauna ba. Na kira Mai-sunan-Malam.

Ya tsuguna ya duba, sama da ƙasa. Ya ce, "Inna, kin lura duk ukun a baki suke, jikin ƙarfe?"

Na ce, "To?"

Ya ce, "Nan iska ta fi bugawa, rana ma ta fi. Wataƙila ita ce. Wataƙila kuma wurin zama ne kawai ya cece su. Sannan darɓar nan ta Masar ce, ban sani ba ko bakinsu ɗaya da ta gida. Sai an shuka 'ya'yansu baɗi an sake tambaya."

Na ce, "Kai da ka yi karatu, ba za ka ce mini ita ce ba, ko don in yi barci?"

Ya ce, "Da Tsoho zai ce miki?"

Ba zai ce ba, na sani.

Takabata ta cika jiya. 'Ya'ya sun aiko, jibi jirgi. Zangarniyar kuwa da saura, na matsa ƙwaya ɗaya ta akwatin Hajja, ruwa fari ya fito kamar nono. In an yanka yanzu ba iri. Sai ta ƙara mako uku, ko huɗu, ni kuma ba na nan. Jikan zai gama karatunsa lokacin zafi, bai san inda baɗi za ta same shi ba, ko a wace ƙasa, ko da balakona ko babu. Ga tsuntsayen birnin nan sun gano wurin, tun asuba suke jeruwa a kan ƙarfe suna leƙe.

Da na yi wankan fita, matar jikana ta tattara kayan takaba za a bayar sadaka. Na ce ta bar mini mayafin, farin nan mai shara-shara. Na yage shi uku, na zauna na ɗinka 'yan jakunkuna, kowacce tsawon tafin hannu. Jikan ya tsaya a kaina yana kallo, ya ce su ma a makaranta haka suke yi, da takarda. Na ce takarda ba ta numfashi.

Allah ya jiƙan Malam. Allah ya sa ƙasar Masar ta yi masa sauƙi, tunda ita aka rubuta masa. Allah ya karɓi tsugunonsa na shekara da shekaru a matsayin ibada, ya yafe masa, ya yafe mini. Wanda ya karanta wannan, in ya san wani a ƙasar Kadawa da ya taɓa karɓar iri daga hannun wani dattijo, aka ce masa ba ta da kirki, don Allah ya duba ƙasan rumbunsa.

Yau da safe na fita na sa wa kowace zangarniya jakarta, na ɗaure bakin da zare, ba da ƙarfi ba. Uku ne. Ban san ko ita ce ba. Na dai ɗaure.